Azumin da Gidana Ya Daina Hayaƙi

Zafin bazarar bana bai zo da wasa ba. Shekaranjiya da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tsinke zogale, matar ɗana ta ɗora duron shinkafa, iska ta tsaya cik, kaji sun laɓe a gindin randa baki buɗe. Sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar shanshera ya bugi hancina, ya haɗu da wannan zafin mai sa fata raɗaɗi. Ban san sa'ad da na ajiye tiren ba. Gabana ya yanke ya faɗi, alhali kowa nawa yana gida lafiya lau. Irin wannan zafin aka yi a shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, shekarar da daji ya gagari masu itace.

Sunana Hajara, amma Hajjo kowa ke ce mini, kuma sana'ata gumi. Garinmu yana kan hanyar da ta tashi daga Funtua ta nufi Dandume, a layinmu kuwa da wuya ka shiga gidan da babu duro. Dillalai ke kawo mana shanshera, wato shinkafa da ɓawonta. Mu jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, da safe mu tsame, mu zuba a duro mu turara har bakinta ya tsage, mu baza a rana, sannan a kai inji a cashe. Shinkafar da ta sha gumi mai kyau ba ta karyewa a inji, ga haske ga auki. A hannun uwata na koyi aikin, da murhunta na duwatsu uku. Wuta muke hurawa ta gasken gaske, da gumaguman itace, harshenta yana lasar duro yana fita ta kowane gefe. Duro ya sha rabin zafin, ƙwaurinmu ya sha rabi. Idanunmu kullum jajur, tari kuwa mun saba da shi har ba ma lissafa shi cikin ciwo.

Akwai wata al'ada tamu da sai na faɗe ta za a gane abin da ya same mu. Mu matan aure ne, ba ma fita, dillalai kuma maza ne, ba sa shigowa. To da me za su san gidan da duro ke kan wuta? Da hayaƙi. Dillali zai tsaya da mashin ɗinsa a bakin titi ya ɗaga kai, inda ya ga baƙin hayaƙi ya miƙe sama, can zai sa a sauke buhuna a zaure. Gidan da ya ga shiru kuwa, ko sallama ba zai ɓata ba. Haka ake yi tun dillalai na zuwa a kan jaki, har mace takan yi taƙama da hayaƙinta kamar yadda amarya ke yi da jeren ɗakinta. Ƙawata Talatu, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ba ta gajiya da tsokanata. Takan leƙo ta ce, "Hajjo, hayaƙin nan naki yau halan zazzaɓi yake?" Ni kuma in ce mata nata bai wuce na mai gasa masara ba.

Duk wannan taƙamar a kan itace take tsaye. A zamanin uwata bayan gari ake saro shi. Muna ƙonawa, itatuwa na ja da baya, muna ƙonawa, suna ja, har ya zama sai an doshi dajin yamma, tafiyar da in an fita da sassafe sai la'asar. Wanda ke yo mini shi ɗana ne na fari. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi, haka aka rene mu. Ɗanlami nake ce masa saboda ranar da aka haife shi. Magidanci ne a lokacin, da mata da jaririya, da bijimai biyu da amalanke. Abokin tafiyarsa Sale ne, autan Talatu, ƙato mai gemu da yawan dariya. Su ba su da shanu, don haka in sun dawo sai a raba itacen, nawa a sauke a zaurena, nata a nata. Talatu kam tunda auta ne, ta wuni tana kiran Sale babu mai ce mata kanzil. Ni kuwa sai dai in bi nawa da wutsiyar ido.

Sai dajin ya samu masu shi. Ba ma kiran sunansu da ƙarfi, sai dai a rage murya a ce "mutanen". Da fari labari ne na nesa, an kore shanun wane, an tare hanyar kaza. Sannu-sannu labarin ya riƙa zuwa da sunayen da muka sani. Masu itace suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, wani ya sayar da jakinsa, wani ya koma dako a Funtua. In ka ɗaga kai da hantsi za ka ga gidan da ya yi hayaƙi jiya, yau shiru. Kowa ya san ma'anar shirun, itace ya ƙare. Ana cikin haka aka ga wata.

Ban taɓa ɗaukar azumi irin wannan ba. Ana idar da sallar asuba, gari ya fara wayewa, sai in ji Ɗanlami yana ɗaura wa shanu karkiya. Ina ɗaki da carbi a hannu, amma kunnena yana waje. Ƙafar amalanken tana da wani kuka, ƙii, ƙii, ina bin sa har ya ɓace, sannan in tashi in hura wuta. Kafin hantsi ya dubi ludayi rana ta buɗe, ga ta a ka, ga wuta a ƙwauri, ga tururi a fuska. Harshe ya bushe ya manne a ganɗa. Rijiyarmu ta ja baya, guga yana dawowa da rabin laka, sai mun bar ruwan ya kwanta kafin mu jiƙa shinkafa. In an sauke duro kuma ga shanya. Ni da matar Ɗanlami mu ɗauko ta da zafinta mu baza a tamfal, mu bi ta da ƙafa muna juyawa, tafin ƙafa yana ƙuna, muna korar kajin da su ma ƙishirwa ta sa ba su da ƙarfin gudu. Da azahar mukan jiƙa zane mu lulluɓa, kafin a gama tasbihi ya bushe ƙamas. Gabas takan haɗa hadari ta yi baƙi, mu ɗaga kai muna sa rai, sai iska mai zafi ta taso ta watsar da shi.

Amma ƙishirwa ba ita ce wahalar ba. Wahalar tana farawa in inuwar katanga ta juya. Daga nan duk motsin da na ji sai in tsaya da shebur a hannu. In mashina suka wuce da yawa a jere, layin gaba ɗaya yakan yi tsit, har masu dakan kunu su tsai da taɓarya. Talatu takan hau turmi ta leƙa waje tana cewa, "Har yanzu Sale bai dawo ba? Kai, Sale zai kashe ni!" Ni ba ni da bakin faɗar haka. Sai in ce wa matar Ɗanlami, "Ke, shanun nan yau sun daɗe." Ta gane, ni ma na san ta gane. Sa'ad da kukan amalanke ya dawo kunnena, a nan nake shan ruwana, tun ladan bai kira ba.

Na yi wa maigidana Malam Iro magana ba sau ɗaya ba.

"Malam, ka hana yaron nan shiga dajin nan."

"In hana shi mu ci mi? Kin san abin da gona ta ba mu bara. Duron nan shi ke riƙe da gidan."

"To in wata rana shanu suka dawo babu shi fa?"

"Ki daina yi mashi mugun fata, Hajjo. Allah na nan."

Ya faɗi haka, ya ɗauki buta ya fita. Gaba kura, baya siyaki, mu duka biyun mun sani.

Cikin goman farko mai unguwa ya aiko a tara mata masu gumi a cikin gidansa, wai an yi baƙi. Wata ƙungiya ce mai taimakon masu ƙananan sana'o'i su rage abin da suke ƙonawa, masu burodi, masu niƙa, masu ƙuli-ƙuli da irinmu. Wadda ta yi mana magana Malama Ngozi ce. Iyayenta 'yan kudu ne masu shago a Funtua, a can aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta ce rabin wutarmu iska take dafawa. Ta ce akwai murhun da ake ginawa da laka ya rungume duro, zafi ba ya tsira, a sa faranti mai huji-huji a cikin duron kamar madambaci, ruwa kaɗan a ƙasa, a rufe da murfi, tururi ya yi aikin. Ta kuma ce hayaƙin da muke tayarwa da itatuwan da muke cinyewa suna cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi, damina ta riƙa yi mana wasa. Wannan kam ta bayan kunnena ya bi, mai azumi a gaban duro ba ya buƙatar a ba shi labarin zafi. Abin da ya tsayar da ni abu ɗaya ne. Ta ce murhun ɓuntu yake ci.

Ɓuntu shi ne ɓawon da inji ke tofarwa in an cashe shinkafa. Tsibinsa a bayan injin garinmu ya fi ɗaki tsawo, yana cin wuta a hankali shekara da shekaru, mai inji har roƙo yake a kwashe.

Talatu ta kwashe da dariya. "Yo Malama, ɓuntu ai hayaƙi ne kawai da tari."

"A tsibi haka yake, Hajiya. In iska na shigar mashi ta ƙasa ja yake ci. Hayaƙin ma kaɗan ne, bututu ya fitar da shi."

"Gidan gumi ba hayaƙi? Ai wannan gidan makoki ne!"

Mata suka yi shewa. Ni ban yi dariya ba, amalanke kawai nake gani a gabana. Na ce, "Malama, tsaya. Kin ce ba itace?"

"Sai ɗan karan da za ki kunna."

"Ko guda?"

"Ko guda, Hajiya."

"To a fara da gidana."

Malam ya ba da izini magini ya shigo. Mu muka kawo laka, matan layi suka kwaɓa da ƙafa duk da azumi, har waɗanda suka yi mini dariya, Talatu a gaba tana kwaɓa tana zolaya. Wani mai walda a Funtua ya yo faranti da bututu. Rana ba ta yi mana rowa ba, nan da nan ginin ya bushe. Muka gwada da 'yar shansherar da Malam ya samu a fadama. Na tsaya ina jiran rurin wutar da na saba, ban ji ba. Ɓuntu yana gangarowa kaɗan-kaɗan, yana ci ja a ciki, shiru, kamar ba a komai. Na taɓa jikin murhun, ɗumi kawai. Kafin in gama shakka tururi ya ɗaga murfi. Na ɗebo na duba, baki ya tsage har ta ƙasan duro, babu ƙonanniya, babu wadda ta caɓe. Da aka cashe ta na zuba a tafin hannu, wallahi sai da na yi hawaye. Na ce wa Malam a gaban Ɗanlami, ba tare da na dube shi ba, "Shanun nan su huta." Washegari asuba ta yi ban ji kukan amalanke ba. Na koma na kwanta, na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Ba a jima ba murna ta koma ciki. Ranar kasuwar Dandume ta zo, na sa aka share zaure, na cika buhunan ɓuntu, na kunna murhu da ragowar shansherarmu, na jira. Ina jin mashinan dillalai suna tsayawa a titi, suna tashi, suna wucewa. Na ji ana sauke kaya a zauren Talatu, don ita tana da sauran itacen da Sale ya tara mata, hayaƙinta ya turnuƙe sama. Bututuna kuwa wani ɗan siririn fari yake fitarwa, kafin ya kai kan darbejiya ya ɓace.

Malam ya bi Alhaji Mamman, babban dillalin da ya daɗe yana kawo mini kaya. Da ya dawo ya zauna ya faɗa mini yadda suka yi.

"Ya ce shi ba yaro ba ne. Ya ce duk gidan da ya ga ba hayaƙi bana, itace ne babu, kuma bai aje kayan mutane su zauna jiran wuta."

"Ba ka ce mashi ɓuntu muke sawa ba?"

"Na faɗa. Ya ce ɓuntu ko ruwan shayi bai tafasawa. Ya ce in ya ga hayaƙi ya kawo."

Haushi ya kama ni. Na tara ɓuntu a bayan ɗaki, na yayyafa ruwa na cinna wuta, na ce tunda hayaƙi suke so, ga shi nan su ƙoshi. Ya tashi fari fat, ya ƙi hawa sama, ya kwanta a tsakar gida ya shiga ɗakuna, jaririya ta yi ta tari. Alhaji Mamman ya wuce ya aiko da gaisuwa, wai a ce wa Hajjo ya ga tana ƙona bola. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, sai dai ranar ban san wanda ke ɗaure a turken ba, ni ko shi.

Da Malama Ngozi ta zo duba murhu na zayyana mata komai. Ta saurara har na gama. Sannan ta ɗebi shinkafar ta ƙulle a leda, ta ce ranar kasuwa mai zuwa za ta bi dillalai da ita har rumfunansu, su gani da idonsu. Na yarda da ita. Amma kasuwa mai zuwa da nisa ga gidan da ake kankare gindin rumbu.

Azumi ya raba tsakiya, abin shan ruwanmu ya fara ƙanƙancewa. Ƙosai ya fara tafiya, sukari ya bi shi, kunu ya tsinke har kana hango gindin kwano. Da sahur sai ɗumamen tuwo da miyar kuka ba mai. Matar Ɗanlami tana shayarwa, nakan tura mata nawa in ce na ƙoshi. Ga salla tana matsowa. A ƙetaren katanga kuma itacen Talatu ya zo ƙarshe, Sale ba shi da shanun da zai je shi kaɗai. Ba ta roƙe ni ba. Ta dai daina tsokanata, kuma wannan ya fi roƙon yi mini ciwo.

Wata rana bayan la'asar Ɗanlami ya shigo ya tsuguna nesa da ni kaɗan, kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa.

"Inna, gobe za mu shiga ni da Sale. Sau ɗaya."

Na ci gaba da tankaɗe. "Murhuna bai cin itace."

"Na sani. Rabi na Inna Talatu ne. Rabin kau a hura tsohon murhu ranar kasuwa, a ɗora duro da ruwa zalla, Alhaji ya ga hayaƙi ya sauke kaya. In ya sauke ki yi aikinki a sabon. Da ya ga shinkafar shi ke nan, bai ƙara tambaya."

"Wato itacen da za a ƙona don a gani."

"Bakin daji kawai, Inna. Ba mu nisa."

Na dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa. Abin da ke cikina shi ne in kama rigarsa in yi masa kuka, in ce ko yunwa za ta ƙarar da mu kada ya je. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "A bar hayaƙin nan. Malama ta ce za ta je kasuwa." Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya kai mu," ya tashi. Na san wannan murmushin, na ubansa ne, in ya riga ya yanke shawara.

Gari na wayewa na ji kukan amalanke. Ban hura wuta ba ranar, ba ni da abin ɗorawa, sai na taras zaman banza ya fi duro ƙuna. Rana ta fito da fushi, ƙasa ba ta takuwa. Wajen azahar na ji mashin ya shigo gari a guje daga yamma, sai hayaniya, sai ƙarar ana rufe ƙofofin shaguna. Matar Ɗanlami ta leƙa zaure ta dawo da gudu. "Inna, wai an ji harbi ta bakin daji." Malam ya zura takalmi ya fita. Maza suka taru a bayan gari, iyakar inda za su iya kaiwa ke nan.

Talatu ta fara kira. Tana kan turmi, ta fuskanci yamma, "Sale! Sale!" kamar yana bayan katanga. Ni na zauna a dokin ƙofa. Na yi ta jan carbi ban san abin da nake faɗa ba. Na san tsoro a da, amma na ranar daban ne. Sanyi ne ya kama ni cikin wannan zafin, har haƙorana suna haɗuwa. Inuwar katanga ta juya, ta yi tsawo, ta haye ɗaki. Aka kira la'asar, aka idar. Sai hadari ya haɗo, wannan karon bai watse ba. Aka yi tsawa, matan layi suka sa ihu gaba ɗaya, mun ɗauka mutanen ne suka shigo. Yayyafin farko na shekara ya sauka, manyan ɗigo a kan ƙasa mai zafi, ƙamshin nan da muka yi wata da watanni muna roƙo ya tashi. Ban ɗaga kai ba. Kunnena yana wajen amalanke, amalanke kuwa shiru.

Rana ta kusa faɗuwa na ji takun mutane a zaure. Malam ya shigo, yana riƙe da Ɗanlami. Ba hula, ba takalmi, ba shanu. Ƙaya ta yayyage masa ƙafafu, leɓɓansa sun tsage sun yi fari. Na miƙe, sai na ji bakina ya kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, a gaban ubansa da matarsa, abin da ban taɓa yi ba tun da na haife shi. Na kama fuskarsa da hannu biyu ina shafawa. Ya zube a tabarma. Na ɗebo ruwa na kai bakinsa, ya kau da kai ya ce, "Ba a kira ba, Inna."

Farin cikin da na ji ba shi da misali, kuma a cikinsa na manta da kowa. Sai da na juya na ga Talatu tsaye a bakin zaure. Kwano ne a hannunta, rufe da faifai, kunun da ta dama wa Sale. Ba Ɗanlami take kallo ba. Bayansa take kallo, zauren da babu kowa.

Ɗanlami ya yunƙura ya durƙusa. "Inna Talatu, ni ina cikin kwazazzabo ina sara, shi yana sama riƙe da shanu. Sai na ji mashina. Na kwanta cikin duhuwar geza. Ina ji suna ce mashi ya kora shanun ya wuce gaba." Ya ɗago ya dube ta. "Ya san inda nike, Inna. Suka ce mashi, kai kaɗai ne? Ya ce ni kaɗai ne."

Ladan ya ɗaga murya. Babu wanda ya motsa. Talatu ta tako a hankali, ta tsuguna gabansa, ta ɗauke faifan, ta miƙa masa kwanon.

"Sha," ta ce. "An kira. Kada ya huce."

Ba a bugo waya ba, ba a aiko da saƙo ba. Maza sun bi sawu iyakar ƙarfinsu, an yi roƙo a masallatai, an tambayi duk wanda Allah ya kuɓutar daga dajin. Har yau babu wanda ya ce ya ga Sale, a raye ko a mace.

Ranar kasuwa Malama Ngozi ta cika alkawari. Alhaji Mamman ya murza shinkafar a tafinsa, ya ciji ƙwaya, washegari buhuna suka sauka a zaurena bai ko ɗaga kai sama ba. 'Yan kwanaki ne tsakanin ɓatan Sale da saukar buhunan, kuma in na tuna ƙanƙantarsu abinci ba ya wuce mini. Bayan salla layinmu ya cika da kwaɓin laka. Yanzu dillalai waya suke bugowa, tsibin bayan inji ya ɓace, ɓuntu sai da layi da 'yar rigima, tarina ma ya yi sauƙi. Yaran da suka taso ba su san an taɓa duban sama kafin a sauke kaya ba. Murhun Talatu kuwa Ɗanlami ne ya gina shi da hannunsa, shi ke kai mata ɓuntu, shi ke noma mata gona.

Ita kuma duk shekara in aka ga wata, ranar farko takan shigo gab da magariba da kwano rufe da faifai. Ba ta aiko kowa, ba ta kuma ajiyewa ta tafi. Tana tsaye har a kira salla, ta miƙa wa Ɗanlami, ya karɓa da hannu biyu ya shanye tas. Ni nakan shige ɗaki in ja labule, don har yau ban iya tsayawa in ga yadda Talatu take kallon maƙogwaron ɗana yana haɗiya ba.